Ciyawar Baba Jiniya

Shekara talatin da ɗaya mahaifinmu ya yi yana jan motar ɗaukar marasa lafiya ta babban asibiti, shi ya sa kaf unguwarmu ba mai kiran sunansa na gaskiya. Yara su ce Baba Jiniya, sa'o'insa su ce Jiniya kawai, Umma kuwa in ya ƙure ta sai ta ce "mutumin nan". Gajere ne, ba jiki, yana tafiya kamar wanda ya baro madara a kan wuta. Ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Takalmansa kullum suna bakin ƙofa, an juya su suna kallon waje, kuma in yana yi maka magana, kafaɗarsa ɗaya ta riga ta nufi hanya.

Ni ce autarsa. Ina koyarwa a firamare, gidan mijina kuma bai fi tafiyar minti goma daga nasu ba, don haka abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko Umma ta kira ni ta juye mini shi da zafinsa.

Ranar da ya miƙa makullin mota ya yi ritaya, abokan aiki suka ba shi agogon bango. Kafin la'asar ya sauya wa agogon nan ƙusa sau uku. Washegari ya kwance famfon tsakar gida, wanda lafiyarsa ƙalau, ya mayar, famfo ya fara ɗiga. Ya sauke fankar falo ya wanke. Ya shiga kicin ya jera wa Umma tukwane daga babba zuwa ƙarama, ta kwana biyu tana cigiyar ludayinta. In jiniya ta wuce ta babban titi, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ya miƙe, ya karkata kai yana saurare.

"Yaron nan bai iya ba," zai ce. "Ji yadda ya shiga kwana bai rage giya ba."

"To bi shi da gudu ka gaya masa," in ji Umma. Da yamma ta kira ni a waya: "Auta, ki zo ki ɗauki ubanki. Ko ƙararrawar makarantarku ce a ba shi ya riƙa kaɗawa, ni ma in sha iska."

Ana cikin haka, wata safiya sai ga tsohon da ke kula da furannin asibitin ya jingine kekensa a ƙofar gida. Ma'aikata Mai Almakashi suke ce masa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Jiniya, ciyawarka za ta tafi. Za a faɗaɗa sashen gaggawa, jibi katafila za ta shigo."

Mu dai ba mu san Baba yana da wata ciyawa ba. Ashe a gaban sashen, daura da bencin da direbobi ke zaman jiran kira, akwai wata ciyawar ado da wani likita ya dasa tun da daɗewa. Ta fi mutum tsawo, ganyenta dogaye ne sirara masu rusunowa, in damina ta fara janyewa kuma sai ta fitar da farin kai mai laushi kamar jelar doki. Ba ta mutuwa, duk shekara daga gindi ɗaya take sake tohowa.

Baba bai tsaya jin ƙarshen magana ba. Ya ɗauki diga da buhu ya fice, Mai Almakashi na binsa a keke yana kiran ya dakata.

Da azahar ya dawo a tasi, direban na ta mita an cika masa but ɗin mota da ƙasa. Ina gidan a lokacin. Ya zazzage buhu a tsakar gida, sai ga dunƙulen saiwa da ƙasa, girmansa kamar bokiti, an aske samansa ƙwal. Ka rantse tsohuwar tsintsiya ce aka tsinto a bola.

Umma ta zagaya shi sau ɗaya. "Mene ne wannan?"

"Ciyawa."

"Ta magani?"

"A'a."

"Ana sa ta a miya?"

"A'a."

"To akuya za ka saya?"

"Kallonta ake yi."

Umma ta dube ni, ta dube shi. "Shekara talatin ina durƙuso ina tuge ciyawa a gidan nan har bayana ya ƙage. Yau kai kuma ka ɗauko ta a tasi."

Tsakar gidanmu ba wani girma ne da shi ba. Rabi siminti, rabi ƙasa, da bishiyar lemun tsami guda, da igiyar shanya, sai tukwanen barkono da tumatir na Umma a jere jikin bango. A gindin lemun ya fara dasa ta. Kwana huɗu ya ce inuwa ta yi yawa, ya tone ya kai ta kusa da famfo. Mako guda bai ga komai ba, ya tone wai yana duba numfashinta. Ya ce nan ma bai yi ba, ya ture tukwanen Umma ya dasa a wurinsu. Cikin mako shida ciyawar nan ta yi ƙaura sau biyar. Tsakar gida ya zama ramuka, har Umma ta zurma ƙafa a ɗaya tana ɗauke da bahon wanki. Ruwa kuwa safe, rana, yamma, kowane lokaci bokiti cike. 'Yan tsiron da suka leƙo suka yi rawaya, suka kwanta.

Ni na je na kirawo Mai Almakashi. Tsohon ya tsuguna, ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya yarfe hannu.

"Jiniya, ai lafiyarta lau ka ɗauko ta. Kai ne ciwon nata."

Ya sa wuƙa ya yanke duk inda saiwar ta ruɓe, abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya zaɓi inda rana ta fi duka, can jikin katangar da ke fuskantar ƙofar ɗaki, ya gauraya ƙasar da yashi, ya dasa ta daidai zurfin da take a da, ya taka gefenta da diddige.

"Ruwa sau biyu a mako har ta kama. In ta kama, ka bar ta da na sama. Taki kada ka sa mata. Kuma shekara guda kada hannunka ya taɓa gindin nan."

"Shekara?"

"Shekara."

"Ai ko wanda aka yi wa tiyata mako biyu ake sallamarsa."

"To wannan ba a sallamarta."

Umma ba ta yarda da alkawarin baki ba. Washegari ta leƙa wurin maƙwabcinmu, Mai Walda, wanda shagonsa ke jikin katangarmu. Ta ba shi ajiyar diga, ta kuma yi masa wata magana a hankali. Kwana biyu sai ga shi da shingen rodi zagayayye, tsawonsa ya kai ƙugu, ya kafa shi da siminti kewaye da ciyawar. Baba ya zagaya shingen nan sau biyu yana laluba.

"Ina ƙofar?"

"Uwargida ta ce ban da ƙofa," in ji Mai Walda, yana haɗa kayansa da sauri.

Shekarar farko ta ba Baba wahala. Kullum da safe ya zura awon tela ta tsakanin rodi, ya ja layi da gawayi a katanga. Wata rana layin ya ɗaga da faɗin yatsa, wata rana yana nan inda yake, sai ya wuni yana tsaki. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta kai ƙugu, kore shar, amma ko kai ɗaya ba ta fitar ba. Ya hau keken Mai Walda ya je har gida ya tuhumi Mai Almakashi, wai ko namijin ya ba shi. Tsohon ya ce saiwa take yi a ƙasa, ya koma gida ya zauna. Zaman ne dai ba a samu ba. A cikin watannin nan ya karɓi aikin tuƙi wurin wani mai shagon kayan gini, ya riƙa kai matarsa unguwa. Kwana tara aka yi. Matar ta ce ita ba naƙuda take yi ba, ba ta ga dalilin da za a riƙa ratsa layi-layi da ita ana danna ham ba.

A shekara ta biyu ya yi mana wayo. Ya samo kashin kaji wurin wani mai kiwo, ya riƙa watsawa ta saman shinge in Umma ta shiga wanka. Ciyawa kuwa ta ji daɗi, ta miƙe ta wuce katanga, ganye ya yi faɗi ya yi laushi. Ranar da aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, gaba ɗayanta ta kife ta saman rodi, ta danne igiyar shanya da kayan da ke kai.

Mai Almakashi ya tsaya ya dube ta, ya dubi Baba. "Ka sa mata taki."

"Ɗan kaɗan."

"Wannan ɗan kaɗan ɗin har titi ana jin warinsa."

Suka tattaro ta suka ɗaure da igiya a tsakiya. Ganyen yana da kaifi a gefe kamar reza, ya tsattsaga wa Baba hannu har gwiwar hannu, Umma na shafa masa magani tana cewa Allah ya ƙara.

Bayan wata biyu ina cikin aji ina rubutu a allo, wayata ta yi ta ruri ba ƙaƙƙautawa. Na ɗauka, sai muryar Baba: "Auta, maza ki zo! Ta fito!" Ya kashe. Na ari mayafin wata malama don na rasa inda na ajiye nawa, na taho da gudu, ina zaton wani abu ne ya sami Umma. Na tarar da ita a kan kujera tana tsince shinkafa, Baba kuma a tsaye gaban shinge. Kai bakwai ciyawar ta fitar, farare tas, suna ta kaɗawa sama da katanga duk da ni ban ji wata iska ba. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, Umma ta ɗaga mini hannu. Ta nuna shi da haɓa. Hannayensa na baya, bai motsa ba. Mun fi minti goma muna kallonsa. Can ya zabura, ya ce bari ya kira Mai Walda, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na Umma.

A shekara ta uku, bayan damina, Umma ta faɗi. Da hantsi ne, tana shanya. Baba ya ji ƙarar baho, ya fito ya same ta a ƙasa, bakinta ya karkace, hannun hagu ba ya motsi. Mai Walda ya ce bai taɓa ganin Baba a natse irin na ranar ba. Ya kwantar da ita ta gefe, ya sassauta mata ɗankwali, ya duba agogo, ya kira asibiti ya yi bayani dalla-dalla, sannan ya kira ni. Na iso daidai da motar asibitin.

A tsawon aikinsa Baba bai taɓa zama a bayan motar nan ba sai ranar. Direban matashi ne, bai san shi ba. Muna hawa titi Baba ya fara bubbuga gilashin da ke tsakani.

"Bi ta bayan tashar mota! Za ka rage minti huɗu!"

"Baba, an toshe wannan hanyar tun bara."

"To ta layin masu katako!"

"Nan ma yanzu hannu ɗaya ce."

Baba ya sauke hannunsa. Ya kama ƙafar Umma ya riƙe har muka isa.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti. Tsofaffin nas-nas da suka san shi suna kawo masa kujera, yana godiya, yana barin ta nan. Ya auna barandar nan da ƙafa ya fi sau dubu. Rana ta huɗu na neme shi na rasa, sai na same shi a waje, gaban sabon ginin sashen gaggawa, yana tsaye yana kallon wani fili da aka shafe da siminti, an jera babura a kai.

"Nan bencinmu yake," ya ce. "Ita kuma can."

Ya nuna mini inda ciyawar take a da, ya ci gaba.

"Kin san ba duk wanda na ɗauko ke isowa da rai ba. Wani a hanya yake cikawa, ina ji 'yan uwansa su fasa kuka a bayana, ni kuma ba halin in tsaya. In na sauke su, in wanke mota, sai hannuna ya kama rawa. Ko makulli ba na iya sawa a aljihu. To sai in zo in zauna nan in yi ta kallonta tana kaɗawa, har hannun ya tsaya. Wani lokaci kafin ya gama tsayawa an sake kira." Ya goge fuska da hularsa. "Yanzu yaran nan ban san me suke kallo ba."

Bai jira na ce komai ba, ya ce lokacin maganin Umma ya yi, ya wuce ciki.

Umma ta dawo gida da rai, amma ƙafar hagu tana ja, hannun kuma sai an ɗaga mata. Magana tana fita, sai dai a hankali, kalma ɗaya sai ta huta. A nan aka yi ta. Mutumin da bai taɓa jiran kowa ya kai aya ba, shi ne mai jinya. In ta ce, "Ba ni..." sai ya ce, "Ruwa?" ya ruga. Ya dawo ta ce, "Ba ni..." ya ce, "Filo?" ya sake rugawa. Ranar nan sai da ya tara mata ruwa da filo da rediyo da man zafi a gabanta, sannan ta samu ta kai masa duka da hannunta mai lafiya, ta ƙarasa: "Ba ni... wuri... in yi... magana." Na yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi, amma na ga ya shiga kicin ya daɗe.

Kullum da safe yakan fito da ita tsakar gida ya zaunar a kujerar roba. Lokacin ciyawar ta bushe, ta koma ruwan zinariya, kawunan sun yi furfura, in iska ta taɓa ta sai ka ji kamar ana sheƙe hatsi. Umma kan daɗe tana kallonta. Lokacin aski ya yi, don duk shekara kafin sabon toho ana ɗaure ta a yanke ta ƙasa da gwiwa, amma Baba ya ƙi. Ya ce in aka yanke, me Umma za ta kalla, katanga? Mako uku yana wasa lauje yana mayarwa. Sai da Umma ta kira shi, ta riƙe bakin rigarsa don kada ya gudu kafin ta gama.

"Yanke... ta. Kyankyasai... sun... tare... a ciki."

Da aka yanke sai ga abin da ba mu zata ba. Tsakiyar gindin ta mutu, ta yi baƙi, rai ya koma gefe-gefe kamar zobe. Baba ya rikice, ya ce shi ke nan, jinya ta sa ya yi sakaci. Aka ɗauko Mai Almakashi a babur, don lokacin gwiwa ta hana shi hawa keke. Ya zauna kusa da Umma, ya leƙa, ya ce ba sakacin kowa ba ne, haka take yi in ta tsufa a wuri ɗaya. Sai an tone ta duka an rarraba.

"A tone?" in ji Baba. Idonsa har wani haske ya yi.

Mai Walda ya kawo injinsa ya yanke shingen, ya kuma dawo da digar da ta shekara uku a shagonsa. Mijina ya zo taya su. Tun safe suke haƙa har rana ta take, saiwar ta kama ƙasa kamar an ɗinke ta. Da suka fito da ita, shebur ya kasa raba ta, sai da gatari. Mai Almakashi na daga kujera yana nuni da sanda: nan, a'a can, kowane yanki a bar masa saiwa da ido. Aka jefar da matacciyar tsakiyar, aka sami yanki tara. Ɗaya aka mayar ramin, Umma ta ce in aka ƙara ko guda a gidanta za ta koma gidan Auta.

Sauran takwas ɗin suka ba Baba aiki. Ya kai wa Mai Walda ɗaya, ni ɗaya, ɗaya ga nas ɗin da ta fi kula da Umma, ɗaya ga matashin direban nan, wanda ya karɓa da hannu biyu yana kallon buhun bai san abin da zai yi da shi ba. Sauran ya raba wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa ya gaishe shi. Kuma ba bayarwa kawai ya yi ba. Yanzu in ya yi wa Umma wanka, ya ba ta magani, ya zagaya da ita tsakar gida sau biyar da sandarta kamar yadda likita ya ce, sai ya bar ta da ƙanwarta da ke zuwa wuni, ya fita zagaye. Gida-gida yake bi. Ya tura yatsa a ƙasa, ya yi faɗa an cika ruwa. Wani ya ce masa ba ta girma, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai dai ba ka da haƙuri." Mijina ne ya ji wannan da kunnensa, ya dawo gida yana riƙe ciki.

Biyu sun mutu. Ɗaya daga cikinsu awaki ne suka cinye ta tun tana tsiro. Ta nas ɗin ta kama, tawa ma haka, ko da yake ya ce na dasa ta a karkace. Wadda ta fi kowacce kyau ita ce ta Mai Walda, wanda ya jefa ta a rami bayan shago kusa da tarin ƙarafa, bai taɓa ba ta ko kofin ruwa ba. Wannan abu yana ci wa Baba rai, ba ya son a tayar da zancen.

Umma yanzu tana kaiwa ƙofar gida da sanda ba mai riƙe ta. Hannun ne dai bai dawo ba, likita ya ce kada mu sa rai sosai. Ta koma dasa barkononta da hannu ɗaya, Baba na riƙe mata tukunya yana ƙafa-ƙafa.

Makon jiya ya kira ni ina tsakiyar duba jarrabawa. Wai wani ya tambaye shi sunan ciyawar ya rasa amsa, in duba masa a waya. Na ɗauki hoton tawa na bincika, sai ga iri-iri sun fi goma, duk kamarsu ɗaya, sunayen kuma masu karya harshe. Na kira shi na fara karanto masa na farko.

"Dakata, dakata," ya ce. "Akwai wata a ciki mai jan ganye? Na hango irinta ta ƙofar wani gida a bayan gidan mai."

"Akwai, Baba, amma bari in gama..."

"Ki tambayi mijinki ko ya san mai gidan. Ina zuwa, Ummanku na kira."